An Gama Gashin Ciwon Daji, Baki Ya Bushe: Saura Aikin Mutanen Gida



Yau maganar taku ce, kai maigida da ke uwargida, musamman in kuna jinyar wanda aka yi wa gashin na'ura saboda ciwon daji a wuya, ko maƙogwaro, ko harshe, ko can bayan hanci. Ranar da aka ce an gama gashi gida yakan cika da murna, a yi ta barka da arziki, kowa na ganin an tsallake. To amma shi mai ciwon ya dawo da wani abu da ido ba ya gani. Bakinsa ya bushe ƙayau, harshe na manne wa ganda, ɗan yawun da ya rage ya yi kauri kamar danƙo, ya ƙi haɗiyuwa ya ƙi tofuwa. In ya yi ƙorafi sai a ce, "Haba, kai da Allah Ya raba ka da daji, bushewar baki ce abin magana? Sha ruwa mana." Ni a ganina daga wannan maganar ake fara cutar da shi. Bushewar nan tana iya hana shi ci har ya rame, ta hana shi barci, ta cinye masa haƙora cikin 'yan watanni. Kuma mafi yawan abin da zai sauƙaƙa masa ko ya ƙara masa wahala, daga tukunyarku da hannun 'yan dubiya yake fitowa.

Bari mu fara da abin da ya faru a jikinsa, don in ba a gane ba, nan da nan za a fara zargin sammu, ko a ce ai ciwon ne ya dawo. Allah Ya sanya wa ɗan Adam manyan maɓuɓɓugan yawu guda 6, uku a kowane ɓari: ɗaya a gaban kunne, ita ce ke kumbura in yaro ya kamu da hangum, ɗaya a ƙarƙashin muƙamuƙi, ɗaya a ƙarƙashin harshe. Ban da su akwai ƙanana ɗaruruwa a cikin leɓe da kumatu da ganda. Mai lafiya yana samar da yawu tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a wuni, wato kamar leda 1 zuwa 3 ta fiya wata, yana haɗiyewa bai ma sani ba.

Yawun nan iri biyu ne a gauraye, mai ruwa-ruwa da mai yauƙi. Gashin kai da wuya yakan ɗauki mako 6 zuwa 7, kwana 5 a mako, kuma hasken da ake auna ciwon da shi sai ya ratsa ta kan maɓuɓɓugan nan kafin ya isa. Ɓangaren da ke ba da mai ruwan shi ya fi saurin lalacewa, shi ya sa tun mako na farko ko na biyu mutum ke jin canji. Ruwan ya tafi, yauƙin ya zauna, kamar miyar kuɓewar da aka manta a kan wuta. Kaurin yakan ragu cikin makonni ko 'yan watanni bayan an gama. Bushewar kuwa ta fi naci: wani tana yi masa sauƙi a hankali tsakanin wata 6 zuwa shekara 2, wani kuma ta zauna masa ke nan, gwargwadon yawan hasken da maɓuɓɓugan suka sha. Wanda kemo kaɗai aka yi masa, tasa bushewar yawanci mai wucewa ce.

Wanda bai fara gashi ba tukuna, ko a Shika ne, ko Sakkwato, ko Abuja, ko an fita da shi Masar ko Indiya, ya tambayi likitansa ko za a iya yi masa irin gashin da ake kira IMRT, wanda kwamfuta ke karkatar da hasken ya kauce wa maɓuɓɓugar gaban kunne. A wani bincike da aka yi a Ingila aka buga a 2011, bayan shekara guda mutum 74 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tsohon salon gashi suna fama da bushewa mai tsanani, waɗanda aka yi wa IMRT kuwa 38 cikin 100. Tambayar ba ta da tsada. Kuma ya ga likitan haƙori kafin a fara, domin haƙoran da suka riga suka lalace ana cire su ne kamar mako 2 kafin gashi. Dalilin wannan shi ne abin da na fi so ku riƙe a duk saƙon nan.

Aikin yawu ya wuce jiƙa baki. Shi ke wanke sauran abinci, shi ke kashe tsamin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa bayan an ci zaƙi, shi ke mayar wa haƙori sinadaran da ke zubewa daga jikinsa. In ya ƙafe, haƙori ya rasa mai gadi. Ruɓewar haƙoran wanda aka yi wa gashi tana da saurin gaske, takan fara daga gindi dab da dasashi, ta zagaye haƙorin, wata rana ya karye mutum na cikin cin tuwo. Sai kuma babbar masifar: ƙashin muƙamuƙin da gashi ya ratsa jinin da ke zuwa masa ya ragu, ba ya warkewa yadda ya saba. In aka cire haƙori a wurin, ramin na iya ƙin rufewa, ƙashi ya fito fili ya mutu, a yi watanni ana fama da ciwo da ruwa da wari, wani ma sai an yi tiyata an yanke ɓangaren muƙamuƙin. Kuma haɗarin nan ba ya ƙarewa bayan shekara ɗaya ko biyu, yana nan muddin rai.

Saboda haka, maigida, in haƙorinsa ya fara ciwo, kada ka kai shi wurin mai cire haƙori na bakin kasuwa, kada ka bari a taɓa shi a kemis. Ko likitan haƙori na asibiti ne, kafin ya zauna a kujera a gaya masa an yi gashi a wuya, a nuna masa takarda. Haka nan wanzami. Babu cire beli, babu tsaga, babu ƙaho a wuyan da aka gasa. Mu nan mun sha kawo amfanin ƙaho, amma fatar da na'ura ta gasa ta yi rauni, in aka tsaga ta tana wuyar haɗewa, kuma ƙofa ce aka buɗe wa ƙwayoyin cuta.

Yanzu maganar da na san za ta yi wa wasu nauyi, maganar zuma. Zuma waraka ce, ba ma ja da wannan. Su kansu likitoci, a ƙa'idojin da ƙungiyar MASCC ta fitar a 2020, sun ba da shawarar amfani da zuma don rage gyambon baki ga masu ciwon dajin kai da wuya a lokacin da ake yi musu gashi. Amma gyambon lokacin gashi daban, bushewar da ke biyo baya ta watanni da shekaru daban. Kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne. Mutumin da babu yawun da zai wanke masa baki, yana lasar zuma sau goma a wuni don harshe ya motsa, ya kuma lasa ya kwanta da ita a haƙora, wallahi garin neman gira zai rasa ido. In zai sha, ya sha tare da abinci, a cikin kunu ko ruwan ɗumi, ya kurkure baki, in an jima ya goge. Dabino ma haka. Alewar tsotso mai sanyaya maƙogwaro kuwa, wadda ake cika masa aljihu da ita, ta fi duka ɓarna, tunda wuni take a baki.

'Yan dubiya ba sa zuwa hannu rabbana, kowa da nasa maganin. Wannan ya ce a matse masa lemun tsami, ai yana tsinka yawu. Gaskiya ne yana tsinkawa in da sauran abin tsinkawa, sai dai tsaminsa na cin bayan haƙori, ga raɗaɗi a bakin da ya yi laushi. Zoɓo da tsamiya da lemon kwalba duk layi ɗaya suke. Wancan ya kawo garin citta da kanumfari da masoro, ko ya ce a ɗiga man habbatus sauda tsantsa a harshe. Waɗannan abubuwa ne masu amfani a inda suka dace, amma masu zafi ne, a irin wannan baki ƙuna suke ƙarawa. Goro yana ɗaure baki ya ƙara busar da shi, in dattijo ne da ya saba sai a lallashe shi ya rage. Taba da shisha kam babu ma zancensu, ban da bushewa suna ƙara haɗarin dawowar ciwon. Ku karɓi kyauta ku yi godiya, ku ajiye. Ba dole ne duk abin da aka kawo ya shiga bakin marar lafiya ba, kuma wannan tacewar aikin maigida ce, don shi mai jinyar kunya za ta hana shi cewa a'a.

To me za a ba shi? Abu mafi arha shi ya fi aiki. A samu ruwa lita 1 da aka tafasa ya huce, a zuba ƙaramin cokalin shayi 1 na gishiri da cokali 1 na bekin soda, a girgiza. Ya riƙa kurkure baki da maƙogwaro yana tofarwa, kafin cin abinci, bayan ci, da kafin kwanciya, da duk lokacin da yawun ya taru. Sodar tana tsinka yauƙin ya saki, tana kuma rage tsamin baki. A haɗa sabo kullum. In gishirin na yi masa zafi a rage shi. Uwargida, a kula: bekin soda aka ce, wadda ake samu a kantin kayan kek ko kemis. Ba hodar da ke sa kek ya tashi ba, kuma ba kanwa ba. Kanwa ta fi ƙarfi, ba a san gwargwadon abin da ke cikinta ba, ga yashi da datti. Ruwan kurkure baki na kanti kuma a duba jikin kwalbar, in akwai sinadarin alkohol a ciki a bar shi, busarwa yake.

Goge baki aƙalla sau 2 a rana da buroshi mai laushi, irin na yara ma ya yi, da man goge baki mai fuloraid. Na kasuwa yawanci lambarsa 1450 ce, akwai kuma mai 5000 da likitan haƙori ke rubuta wa irin waɗannan mutane. Bayan gogewa ya tofar kawai, kada ya bi da ruwa nan take, don maganin ya zauna a haƙori. Asuwaki ba a hana ba, amma a jiƙa shi ya yi laushi sosai, a bi a hankali kada a ji wa dasashi rauni, kuma kada ya maye gurbin man mai fuloraid. Don motsa ragowar maɓuɓɓugan, cingam marar sukari, musamman mai zailitol, ya fi alewa nesa ba kusa ba. Yankan kankana ko gurji mai sanyi, ko ɗan ƙanƙara a tsotsa, su ma suna taimakawa.

In yawun ya yi kauri ya tokare maƙogwaro, sirace da ruwan zafi zalla na kamar minti 10 yana sassauta shi. Ba sai an jefa man zafi ko ganye a ciki ba, kuma a zauna kusa da shi kada ruwan ya kife masa. Wanda ya manne a ganda a share da tsumma mai tsabta da aka jiƙa a ruwan sodar nan. A ba shi gwangwanin tofi mai murfi a kusa da shimfiɗa, a riƙa wankewa ba tare da yatsina fuska ba. Da yawansu kunyar tofe-tofe da warin baki ce ke sa su daina zuwa masallaci da majalisa, su kulle kansu a ɗaki. Ka tuna wanda bakinsa ne sana'arsa, malamin makaranta, ko ladan, ko ɗan kasuwa, ko mai karatun da ya saba izu biyu a zaune yanzu shafi ɗaya na gagararsa. 'Yar ƙaramar kwalbar feshi da ruwa a aljihu, ya fesa a baki in harshe ya kama, tana iya mayar da shi cikin mutane.

Sai mu zo madafa, inda rabin jinyar take. Uwargida, Allah Ya hutar da ke, abin da ake nema yana cikin girkinmu tun asali: miyar yauƙi. Kuɓewa, karkashi, kuka, lalo, duk suna yi wa loma aikin da yawu ya daina yi, su sulluɓe da ita zuwa ciki. A yi masa tuwo mai laushi, loma ƙanana, miya ta fi tuwon yawa, yana kurɓar ruwa tsakanin loma da loma. Kunun gyaɗa, fate, faten dankali, alale mai taushi, dafaffen ƙwai da aka farfasa a miya, kifi, naman da ya dahu ya yi lugub aka daka, ayaba, gwanda, fiya. Ki ƙara ɗan man shanu ko man gyaɗa ko man zaitun a kai, yana sa santsi kuma yana ƙara masa ƙarfi. Ki ɗebi nasa kafin ki zuba barkono da yaji, ki bari ya huce ya zama ɗumi. Abin da zai wahalar da shi kuwa kin san su: kilishi, tsire, ƙuli-ƙuli, dambu, gurasa da burodi a bushe, biskit, soyayyen nama. In ransa ya biya, a jiƙa burodin a shayi, a zuba wa dambun romo.

Kwano guda cike sau uku a rana ya yi masa yawa, ci ya zama masa aiki. A raba masa kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6. Kuma ki sani gashi yana taɓa ɗanɗano, zai iya ce miki miyar ba gishiri, ko nama na yi masa ɗanɗanon ƙarfe, ko komai kamar takarda. Kada ki ɗauka raina girkinki yake, harshen ne, kuma yawanci yana dawowa a hankali cikin watanni. Madara da kindirmo wasu suna jin kamar suna ƙara musu kaurin yawu. Kada a hana shi saboda haka, abinci ne mai gina jiki da yake buƙata, ya sha ya kurkure baki. A riƙa auna nauyinsa mako-mako ana rubutawa. In yana ta raguwa, a gaya wa likita tun kafin wando ya fara zamewa.

Dare ya fi tsanani, balle da hunturu. A ɗaga masa kai da matashi biyu, ruwa a kusa da hannu, fanka kada ta fuskance shi, a shanya jiƙaƙƙen tawul a ɗakin. 'Yan ɗigon man zaitun a shafa a harshe da cikin kumatu kafin barci, man kaɗanya a leɓe.

Akwai kuma abin da ke hannun likita. Wasu magunguna suna ƙara busar da baki: na mura da ƙaiƙayi irin su Piriton, na ciwon ciki irin Buscopan, masu kashe raɗaɗi irin tiramadol da kodin da mofin, da wasu na hawan jini masu sa fitsari. Kada ya daina wanda aka rubuta masa da kansa, a kwashe su duka a leda a kai wa likita ya duba ko da wanda za a canza. Akwai ƙwaya mai suna pilokapin da ke tsokano ragowar maɓuɓɓugan, sai an yi makonni ana sha kafin a ga aikinta, tana sa gumi, kuma ba ta dace da wasu masu asma ko ciwon zuciya ko ciwon ido ba, don haka ba ta saye a kemis ba ce. Akwai yawun roba na feshi da na shafawa, irin su Biotène da BioXtra. In za a yi muku saƙonsa daga waje a karanta abin da ke ciki, domin akwai mai suna Saliva Orthana da ake yi da sinadarin yauƙi daga cikin alade, alhali ga waɗansu da babu wannan.

Azumi fa? Mutumin da ba ya iya minti talatin bai jiƙa baki ba, ga rama, ga magunguna, ga zafin da ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, wannan yana cikin marasa lafiyar da aya ta 184 da 185 ta Suratul Baƙara suka yi wa rangwame. Ya sha ya rama in ya samu sauƙi, in kuma lalurar ta zama mai ɗorewa, malamai sun yi bayanin ciyarwa, a je a tambaye su da bayanin likita a hannu. Abin da nake roƙonku shi ne kada a yi masa gori, kada yara su riƙa kallonsa in ya ɗaga gora. Wanda jikinsa ya yi ƙwari likita ya yarje masa, kurkure baki a tofar ba ya karya azumi, ya yawaita shi, ya sha ruwa sosai tsakanin buɗa baki da sahur, ya kuma goge baki bayan dabino da kunu kafin ya kwanta.

Akwai alamomin da ba a zama da su a gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: busasshen baki yana saurin kamuwa da wani farin abu kamar gudajin kindirmo a harshe da kumatu, ko baki ya yi ja yana raɗaɗi, ko gefen leɓe ya tsage. Wannan yana da magani a asibiti, irin su nistatin da fulukonazol, ba a kankare shi da cokali. In yana ƙwarewa ko tari duk lokacin da ya sha ruwa, ko murya ta koma kamar mai kurkure bayan ya haɗiya, abinci na iya bin hanyar huhu ya jawo nimoniya, balle in zazzaɓi ya biyo baya. In baki ya fara ƙin buɗuwa, ya gwada jera yatsu 3 a tsaye tsakanin haƙoran sama da na ƙasa, in ba su shiga ba a faɗa wa likita da wuri, akwai motsa muƙamuƙi da ake koyarwa. In fitsari ya yi kaɗan ya yi duhu, ga jiri, ruwan jikinsa ne ya yi ƙasa. Gyambon da ya wuce mako 2 bai warke ba, sabon ƙullutu a wuya, jini, ko wani wuri a dasashi da ake hango ƙashi, a koma asibitin da aka yi gashin ba sai ranar da aka ba shi ta zo ba.

Takardar da ke nuna inda aka gasa da yawan zaman da aka yi, a yi mata hoto a waya, a ba wa mutum biyu a gidan. Ranar da haƙori ya tashi ciwo da tsakar dare, ita za a fara nema.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri.